Kyandirin da Profira Ta Ɗaure

Duk wanda ya karanta jaridun yankinmu a watannin farko na annobar korona ya san sunan Profira Ciobotaru, kuma ta mummunar fuska ya san shi. Sun rubuta cewa ita ce ma'aikaciyar gidan tsofaffi da ta ɗaure wa mara lafiya wuta a hannu ta yi tafiyarta. Ba ƙarya suka yi ba, ta ɗaure. Sai dai akwai abin da ya faru kafin ta ɗaure, kuma mu biyu ne muka san shi, ni da ita. Ita ba ta faɗa ba. Ni kuma ban faɗa ba a lokacin da faɗar za ta yi mata amfani.

An haifi Profira a wani ƙauye na kan tudu, tafiyar awa guda a mota daga garinmu. Ubanta keken doki yake tuƙawa a gonar gwamnati. Su bakwai ne a ɗaki, ita ce ta biyu, don haka tun ba ta kai tsawon tebur ba take goyo da wanki. Ta yi shekara goma sha shida a masaƙar gari, har ranar da aka rufe masaƙar aka kwashe injinan. Mijinta Kostake mutumin kirki ne in bai sha ba, sai dai da wuya rana ta faɗi bai sha ba. Da ya rasu ta bar 'ya'yanta biyu wajen uwarta, ta bi motar da matan yankinmu ke bi zuwa Italiya. Shekara tara tana jinyar wata tsohuwa a kusa da Padova. Takan ce abu biyu ta koyo a can: yadda ake juya mutum a gado ba tare da ka karya bayanka ba, da yadda ake cin taliya a tashi da yunwa. Ciwon uwarta ne ya dawo da ita. Ta yi jinyarta har ta binne ta, sannan ta nemi aiki a gidanmu na tsofaffi.

Na riga ta zuwa gidan da shekara biyu. Ni aikin layin dogo na yi, ina bin layi a ƙafa da guduma ina sauraron ƙarfe. Da matata ta rasu, ɗana kuma yana Sifen, sai aka kawo ni.

Gidan tsohuwar makarantar kwana ce mai hawa biyu. Masu ƙafa a ƙasa, masu gado a sama, mu arba'in da uku. A allon da ke ofishin darakta akwai gurbin masu jinya goma sha ɗaya. A zahiri su huɗu ne. Duk wadda hannunta ya faɗa da aikin sai ta haɗa jakarta ta tafi Italiya ko Jamus ta yi wa tsofaffin wasu jinya. Ba na ganin laifinsu. Amma mata huɗu ba za su iya ciyar da mutum ashirin da ba sa ɗaga cokali ba, su wanke su, su juya su, su kuma sake musu shimfiɗa. Kafin zuwan Profira sai a ajiye kwano a gefen gado, a dawo bayan awa guda a ɗauke, wanda ya ci ya ci.

Makonta na biyu ta shigo ɗakin talabijin ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

"Mosh Nikifor, hannunka na rawa?"

Mosh shi ne yadda ake kiran tsoho a wajenmu, Nikifor kuma sunana ne. Na ce, "A'a."

"To ga cokali."

"Ni fa hutu aka kawo ni, 'yar nan."

"Hutu yana bayan coci, ƙarƙashin ciyawa. In sauri kake in yi maka magana da firist ya ba ka wuri mai inuwa. Kafin nan tashi, akwai wanda bai ci ba tun jiya."

Haka ta rarraba mu. Kowane mai ƙafa da nasa mai gadon. Tana kiranmu sojojinta. In an buga ƙararrawar abinci sai ka ga layin tsofaffi suna hawa bene, kowa ya dafa bango, ita kuma tana sama tana ihu: "A yi sauri, rundunar kunkuru! Tuwon masara zai zama dutse!" Ban taɓa jin wanda ya yi fushi ba. Gaskiya ma mun ji daɗi. Mutumin da aka ajiye kamar tsohuwar kujera, in aka ce yau akwai mai jiransa, har aski yake yi.

Ni aka ba ni Gavril, tsohon makiyayin tumaki da ɓarin jikinsa ya shanye. Sai ka sa masa cokali ta gefen hagu, ka jira ya haɗiye, ka sake jira, don in ka yi gaggawa zai shaƙe. Kwano ɗaya na miyar tsami da tuwon masara da ɗan cuku kan ci mana kusan awa. Rabin bakinsa ne ke aiki, amma rabin ya ishe shi tsiya.

"Ɗan reluwe, yau ma jirginka ya makara."

"Tumaki ne suka tare layi."

"Ƙarya kake. Tumakina sun fi ku sanin lokaci."

Akwai wani aikin kuma da ya faɗo a kaina ni kaɗai, saboda na iya zama wuri ɗaya ban gaji ba. A yankinmu kowa ya san abin da ake nufi in aka ce wane ya mutu babu kyandir. Ya tafi cikin duhu ke nan, kuma abin kunya ne ga duk wanda ke kusa da shi, har jikoki sai an goranta musu. A gida 'ya ko suruka ke riƙewa. A gidanmu babu 'ya babu suruka, masu jinya kuma ba su da lokacin zama. Don haka in numfashin wani ya canja sai a kira ni. In kunna kyandir, in sa a tafinsa, in rufe hannunsa da nawa, in zauna. Wani minti goma, wani yini guda, in wannan kyandir ya ƙare in kunna wani. A shekara goma sha ɗaya na riƙe wa mutum talatin da ɗaya. A takarda an hana wuta a ɗakuna. Amma darakta da kanta ke aiko mini da kwalin kyandir, ta ce in ajiye a ƙarƙashin gadona.

Gavril ya sha ganina ina wucewa da kwalin. Wata rana ya kama hannun rigata da hannunsa mai lafiya.

"Ɗan reluwe, ranar nan kada ka makara."

Na ce ba zan makara ba. Na yi alamar gicciye a ƙirjina a gabansa.

Sau biyu a shekara masu duba gidaje kan zo daga babban birnin yanki. A ranar sai a karɓe cokulanmu, a ba mu rigunan sanyi masu tsabta, a jera mu gaban talabijin. Mai dafa abinci da ƙanwar mijin darakta su sa fararen riguna su riƙa kai da kawowa a baranda. In baƙin suka tambaye mu, amsarmu ɗaya ce, mun haddace ta kamar addu'a: "Ba mu rasa komai ba, ranka ya daɗe." Babu wanda ya tilasta mana. Tsoro muke kada a rufe gidan a watsa mu wuraren da ba mu san kowa ba. Profira kuwa a irin ranar ɗakin wanki take shigewa ta ja ƙofa. Ta ce bakinta ba shi da birki, gara ta nisanta shi da hanya.

Da annoba ta zo aka rufe ƙofar waje a watan Maris. Sannan umarni ya zo cewa ma'aikata su kwana a ciki mako biyu ba fita. Ɗaya mai jariri ce, ta ajiye rigar aiki ta tafi. Saura uku. Darakta ta koma gida tana ba da umarni ta waya, likita ma ta waya. Sai umarni na biyu: kowane tsoho ya zauna a ɗakinsa a rufe ƙofa, babu mai hawa bene. Wanda ya rubuta wannan umarnin da kyakkyawar niyya ya rubuta, don a takardar da ke gabansa masu jinya ne ke ciyar da masu gado. Bai san da mu ba. Mu ne muka ɓoye masa kanmu shekara da shekaru.

Mako guda kafin Ista abokan aikin Profira biyu suka kwanta da zazzaɓi, motar asibiti ta kwashe su. Aka ce gobe za a turo wasu. Gobe ta zo aka ce gobe. Mai dafa abinci takan ajiye tukwane a gindin bene ta gudu. Profira ta rage ita kaɗai.

Ɗakina yana daidai ƙarƙashin barandar sama. Kwana uku ina jin takunta, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba ya tsayawa. Ina jin masu kiran ruwa. Abokin ɗakina Zamfir ya fara tari ranar Lahadi, Litinin wasu mutane cikin fararen kaya har fuska suka ɗauke shi, silifas ɗinsa suna nan a gaban gado. Na tura tawul a ƙarƙashin ƙofa. Ina ta taɓa goshina. Ni da na zauna kusa da mutuwa sau talatin da ɗaya, ashe duk lokacin na san ba wajena ta zo ba.

Ranar Laraba da tsakar rana aka ƙwanƙwasa.

"Mosh Nikifor."

Ban amsa ba.

"Mosh, Gavril ne. Numfashin ya canja."

Na tashi a hankali, babu takalmi, na je na kama mariƙin ƙofar da hannu biyu.

"Na kawo maka takunkumi biyu da safar hannu. Zan buɗe taga, ka zauna ta wajen iska. Ni ba zan iya zama ba, Mosh. Mutum goma sha tara ba su ci komai ba tun safe. In na zauna da shi su kuma fa?"

Muryarta ta dushe, kamar ba ita ba. Ina jin numfashinta ta cikin katako.

"Ɗan reluwe yake ta kira. Da ƙyar nake gane maganar, amma kai yake kira."

Ta murɗa mariƙin sau ɗaya. Bai juya ba, don ina riƙe da shi. Ƙofofin gidanmu ba su da makulli, ta san da haka, ni ma na san ta sani. Ta saki mariƙin.

"To. Yi barcinka, Mosh."

Na ji takunta ya hau bene. Na daɗe a tsaye ban saki mariƙin ba.

Abin da ta yi bayan nan na ji shi ne daga bakinta a gaban kwamitin bincike. Tana da kyandir ɗaya a aljihu. Ta ɗora kwanon wanka cike da ruwa a kan kujera a gefen gadon Gavril. Ta jawo hannunsa ta miƙar da shi a saman kwanon, ta sa kyandir a tafinsa. Yatsun ba su riƙe ba. Sai ta naɗe hannun da bandeji, ta kunna, da tunanin in ya suɓuce cikin ruwa zai faɗa. Ta buɗe taga. Ta shiga ɗaki na kusa ta ciyar da mutum ɗaya, ta leƙo, yana nan yana ci. Ta ciyar da na biyu, ta leƙo. A na uku wata tsohuwa ta shaƙe da abinci har fuskarta ta canja, sai da ta ɗaga ta tana buga mata baya tana zaro abin da yatsa. A nan ta daɗe. Hannun Gavril kuwa da ya saki, maimakon ya faɗa waje sai ya koma kan ƙirjinsa. Bargo ya kama.

Da hannuwanta da jiƙaƙƙen zanen gado ta kashe wutar. Likita ya ce daga baya Gavril ya riga ya cika kafin wutar ta taɓa shi. Ina so in yarda da haka. Ban san yadda likita ke sanin irin wannan ba.

Hayaƙi ya fita ta taga, wata maƙwabciya ta kira 'yan kwana-kwana. Su ne baƙi na farko da suka taka hawan sama cikin mako biyar. Wutar ta riga ta mutu, amma sun hau bene, kuma sun ga abin da ke sama. Shimfiɗu jiƙe, gyambon kwanciya, kwanonin jiya a gefen gadaje da abinci a ciki, mutum biyu da zazzaɓi ya gigita babu mai ba su ruwa. Har ɗakina na ji shugabansu yana ihu.

"Ina ma'aikatan? Ina masu aikin gidan nan?"

Na ji Profira ta ce, "Ni ce su."

Kafin yamma tsakar gida ta cika da motocin asibiti, a bakin ƙofa kuma 'yan jarida. A cikinmu arba'in da uku, goma sha ɗaya ba su ga watan Mayu ba. Ni ko tari ban yi ba.

A watan Yuni kwamiti ya zo. Suka jera tebur a tsakar gida ƙarƙashin babbar bishiya, kowa da takunkumi. Darakta ta fara magana. Ta ce doka ta hana wuta a ɗakuna kuma kowa ya sa hannu a kan haka. Ta ce ba ta taɓa jin an sa mazauna gida aiki ba. Ta ce abin da ya faru gangancin mace ɗaya ne mai tsohon tunani irin na ƙauye.

Profira na zaune gefe, hannuwanta biyu a naɗe har gwiwar hannu. Ta ba da labarinta tiryan-tiryan, ba ta ƙara ba, abu ɗaya kawai ta rage. Wani mai tabarau a cikinsu ya tambaye ta, "Kafin ki yi wannan, kin nemi wani ya taimake ki?"

Ta ce, "Wa zan nema?"

Ba ta dube ni ba.

Aka kira mu masu ƙafa ɗaya-ɗaya. Da aka zo kaina mai tabarau ya yi mini magana a hankali, kamar yadda ake yi wa yaro.

"Mosh, ɗakinka yana gindin bene. Ka ji wani abu ran nan da rana?"

Kwalin kyandir yana ƙarƙashin gadona a lokacin, da rubutun darakta a jikinsa. Da na ce a ɗauko shi, da sun san ba haukan mace ɗaya ba ne, tsarin gidan ne na shekara goma sha ɗaya. Da na ce ta zo ƙofata da takunkumi a hannu tana roƙo, da sun san ta nemi hannun da zai riƙe kafin ta nemi bandeji. Amma don in faɗi haka sai na faɗi wanda ya riƙe ƙofa, a gaban sauran tsofaffin da suka san alkawarina da Gavril. Tsoro na daji, kunya na gida. Ni duka biyun suka same ni a wuri ɗaya.

Na ce, "Ina barci, ranka ya daɗe."

Ya rubuta. Ya ce, "Akwai abin da kuke buƙata a gidan nan?"

"Ba mu rasa komai ba."

Wannan ta biyun ban ma yi niyyarta ba, da kanta ta fito.

Aka kori Profira, aka kuma hana ta aikin jinya a ko'ina. Darakta aka mayar da ita wani ofishi. Aka kawo sababbin ma'aikata tara, aka yi wa bango fenti. Yanzu sun koma biyar. Mu masu ƙafa an hana mu hawa bene kwata-kwata. Abincin masu gado kuwa ana ajiye shi a gefen gado, a dawo a ɗauke.

Sai da kaka ta zagayo sau biyu kafin na iya neman izinin fita. Na hau ƙaramar bas zuwa ƙauyen su Profira ranar wata Asabar. Na same ta a tsakar gida gaban wata ƙatuwar tukunya, tana dafa 'ya'yan itacen plam don ajiyar hunturu, tana juyawa da doguwar muciya. Ta naɗe hannun riga. Fatar hannuwan ta yi sheƙi ta tattare. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Mosh Nikifor? Ashe ka farka."

Na cire hulata. Duk maganar da na shirya a mota ta gudu. Na ce, "Ki yafe mini, Profira."

"Riƙe muciyar nan kada ta kama. Tun asuba nake tsaye."

Na karɓa na shiga juyawa. Ta zauna a kan kututture ta miƙe ƙafafu.

"Har ƙasa za ka riƙa kaiwa, ba shafa kan jariri kake ba. Kai da ka yi shekara arba'in da guduma." Ta kalli wutar. "Ƙofar nan ban riƙe ka da ita ba. Wallahi ni ma da akwai ɗakin da zan shiga in rufe ran nan, da na shiga. Maganarka ta ƙarƙashin bishiya ce ta tsaya mini a nan." Ta nuna maƙogwaronta.

Na ce, "Me ya sa ke ba ki faɗa ba?"

"In ce me? In ce ga tsoho ɗan shekara saba'in da tara ya ƙi zuwa ya mutu? Kuma wa ya fara miƙa muku cokali? Ni ce. Na ga rami, maimakon in yi ihu sai na rufe shi da tsofaffi. Da tun shekarar farko na fito daga ɗakin wankin nan na buɗe bakina, da ko an kore ni ko an ƙaro mutane. Kuma na ɗaure wa mutum wuta a hannu, Mosh. Wannan nawa ne, ba na neman wanda zai taya ni ɗauka."

"To me zan yi?"

"Aikin ya tafi, ba zai dawo ba. Ina tsinkar tuffa a gonar mutane, ina ci. Amma ka san a ƙauyen nan duk wanda ya kwanta ni ake kira, tun ina budurwa. Yanzu in na bi layi sai a ja labule. Maƙwabciyata ubanta ya yi wata huɗu a kwance, bayansa duk ya ɓaci, ba ta bari na taka ƙofarta ba. Jikata a makaranta ana ce mata jikar mai gasa tsofaffi." Ta tashi ta karɓe muciyar. "Ni na san abin da ya faru, ba sai ka faɗa mini ba. In kana da magana, gobe Lahadi."

Na kwana a ɗakin ɗanta. Washegari bayan an tashi daga coci na tsaya a bakin ƙofa inda mata ke rarraba dafaffiyar alkama ta sadakar matattu. Ban taɓa magana a gaban taro ba. Na fara, muryata ba ta fita, sai wata tsohuwa mai sanda ta ce, "Ɗaga murya, bawan Allah, ko kai ma sadakar kake nema?" Aka yi dariya. Na ɗaga. Na faɗi sunana da inda nake zaune. Na faɗi mu nawa ne da su nawa ne. Na faɗi kwalin kyandir. Na faɗi yadda ta zo ƙofata, da abin da ta ce, da yadda na riƙe mariƙi da hannu biyu, da abin da na gaya wa kwamiti.

Maza da yawa sun wuce tun ban kai rabi ba. Mata kamar goma suka tsaya, da firist a bayansu. Profira tana can jikin shinge, ba ta matso ba.

Da na gama sai tsohuwar mai sanda ta yi tambaya.

"To shi makiyayin, da haske ya tafi ko babu?"

Na ce, "Da haske."

Ta gicciye ƙirjinta. "To ita ta yi nata. Kai kuma, tsoho, ina bakin nan yake shekara biyu?"



Da na dawo gari na je ofishin da kwamitin ya fito. Wata yarinya a bayan gilashi ta saurare ni da ladabi, ta ce an rufe fayil ɗin tun bara, amma in ina so in rubuta in kawo, za a ajiye. Na rubuta na kai musu da kwalin. Har yau ba su kira ni ba, kuma hanin da aka yi wa Profira yana nan.

Ɗanta ya kira ni a waya cikin hunturun da ya wuce. Ya ce mata uku sun koma gaishe ta a hanya. Ya ce wata daga ƙarshen ƙauye ta aiko a kira ta ta nuna mata yadda ake juya uwarta a gado, amma ta ce ta shigo ta ƙofar baya. Profira ta je. Na tambaye shi ko ta ce wani abu a kaina. Ya rufe wayar da hannu, na ji yana tambayarta, na ji muryarta daga nesa. Ya dawo ya ce ta ce in riƙa sa hula in zan fita, sanyin bana ba shi da kyau. Maganar yafiya ba ta ce komai ba, ni ma ban sake tambaya ba.